Talatin ƙasa da sifili a taswirar yaƙin Napoleon: a wane ma'auni?

Ummi Zazzau: Assalamu alaikum 'yan zaure. Malamai, ina roƙon a warware mini wani abu. An ba mu aiki a kan taswirar da wani injiniya Bafaranshe, Charles Minard, ya zana a 1869, wadda ke nuna yadda rundunar Napoleon ta shiga Rasha a 1812 da yadda ta dawo. A ƙasan taswirar akwai layin sanyi, yana ta gangarawa har ya kai −30 ranar 6 ga Disamba. An ce mu mayar da shi Kelbin. Ni na tara masa 273 na samu 243. Ƙawata ta ce sam ba Selsiyos ba ne, wai R ne. Na duba littafinmu, R ɗin da ke ciki Rankin ne. To wanne zan bi?

Injiniya Bakatsine: Wa alaikumus salam ƙanwata. Rankin dai cire shi daga lissafi tun yanzu. Shi daga ƙarshen sanyi yake farawa kamar Kelbin, babu abin da ke ƙasa da sifilinsa, don haka −30 ba ta yiwuwa a cikinsa. Kuma sai 1859 aka fito da shi, shekara 47 bayan an gama yaƙin.

Malamin Fiziks: Gaskiyar Injiniya, gaskiyar ƙawarki kuma. R ɗin nan Reyomur ne, Minard ma ya rubuta hakan da Faransanci a saman layin, cewa digirin na Reyomur ne, ƙasa da sifili. Sunan wani masani ne ɗan Faransa, René de Réaumur, wanda ya fito da ma'aunin a 1730. A wurinsa ruwa yana daskarewa a 0, yana tafasa a 80. A Selsiyos kuwa 0 da 100. Kin ga tazarar ɗaya ce, shi ya yanka ta gida 80, wancan ya yanka ta gida 100. Ashe digirin Reyomur ya fi girma: guda 4 nasa daidai suke da 5 na Selsiyos.

Ga yadda za ki yi. Ki ninka da 5, ki raba da 4, ki samu Selsiyos. Sannan ki tara 273.15.

−30 × 5 ÷ 4 = −37.5 a Selsiyos
−37.5 + 273.15 = 235.65 K

Amsarki ta 243 ta rage wa mutanen nan sanyi da kusan digiri bakwai da rabi. A irin wannan yanayi ba ƙaramin abu ba ne.

Ummi Zazzau: Na gode Malam, Allah ya ƙara basira. To idan daga Kelbin zan koma Reyomur fa? Na gwada da 300 K: na ninka da 4, na raba da 5, na samu 240, na ɗebe 273.15, sai ga −33.15. Amma a aji an ce mana 300 K zafin ɗaki ne.

Malamin Fiziks: Da kyau da kika tsaya kika tambayi kanki ko amsar ta yi kama da hankali. Ɗebewar ce ke zuwa farko. Dubi mai sayar da nama: idan ya ɗora faranti a sikeli, sai ya cire nauyin farantin tukuna kafin ya yi kuɗin kilo. Idan ya yi kuɗin duka sannan ya cire nauyin faranti daga kuɗin, lissafi ya watse. 273.15 ɗin nan da girman digirin Kelbin aka auna ta, dole a cire ta tun lamba tana Kelbin.

300 − 273.15 = 26.85
26.85 × 4 ÷ 5 = 21.48 a Reyomur

Ki riƙe lambobi biyu na gwaji. 273.15 K dole ta ba ki 0, 373.15 K dole ta ba ki 80. Duk hanyar da ba ta ba ki waɗannan ba, a bar ta.

Abban Sadiya: Ni fa Malam, da girmamawa, ban ga amfanin wahalar da yara da wannan ba. Ma'aunin da ya mutu, su kansu Faransawan sun yar da shi. Yaro bai gama iya Selsiyos da Farenhait ba, an ɗora masa wani na shekara kusan 300. A asibiti ba a amfani da shi, a tashar jirgin sama ba a yi, a masana'anta ba a yi. Wannan lokacin da a dokokin iskar gas aka kashe shi da ya fi.

Baba Mai Tarihi: Abban Sadiya, ma'aunin ya kwanta, amma takardun da aka rubuta da shi suna nan. Faransa ta koma digiri 100 a shekarun 1790, lokacin da 'yan juyin juya hali suka kawo mita da kilo, amma mutane ba su saki Reyomur nan take ba. Jamusawa sun daɗe da shi a ƙarni na 19, Rasha kuwa har farkon ƙarni na 20. Duk wanda ya buɗe rahoton likita ko na matafiyi ko littafin yanayi na waɗannan ƙasashe a wancan zamani, da shi zai yi karo. Likita ya rubuta cewa jikin majiyyaci ya kai 32, kai ka karanta a Selsiyos ka ce jikin ya yi sanyi ƙalau, alhali 32 a Reyomur 40 ce, zazzaɓi mai zafi. Lafiyayyen jiki, 37, a can 29.6 ne.

Ummi, tunda taswirar tana gabanki, ki lura da kwanan watan ma. Inda ya rubuta 9bre Nuwamba yake nufi, ba Satumba ba. 8bre Oktoba, Xbre Disamba. Tsohon ƙirgen Rumawa ne.

Ummi Zazzau: Wallahi Baba na riga na rubuta 14 ga Satumba a gaban −21. Bari in gyara. Ke nan 14 ga Nuwamba, −21 × 5 ÷ 4 = −26.25, wato 246.9 K.

Malamin Fiziks: Daidai.

Abban Sadiya: Baba, na yarda masu tarihi suna buƙata. To su koya a sashensu. Ɗalibin kimiyya fa? Waya ma tana yin wannan lissafin cikin daƙiƙa.

Injiniya Bakatsine: Wayar ce ma matsalar, ɗan'uwa. Ka rubuta mata R, ta ina za ta san Rankin kake nufi ko Reyomur? Akwai ma na uku, na Ole Rømer ɗan Denmak, na 1701, shi ma da R yake farawa, kuma a nasa ruwa yana daskarewa a 7.5, yana tafasa a 60. Ka ba waya 500 R, idan ta ɗauka Rankin ne za ta ce maka kusan 278 K, ruwan firij ke nan. Idan Reyomur ne, 898 K, ƙarfe ya fara yin ja. Wanda bai san akwai su ba, duk abin da aka ba shi zai kwafa. Shi ya sa masu kula suke rubuta °Ré ko °Re, su bar wa Rankin °R ko °Ra.

Ɗan Parma: Salamu alaikum. Ina ta karantawa, amma da aka ce ya mutu sai na kasa yin shiru. Ni a arewacin Italiya nake aiki, a wurin da ake yin cukun Parmigiano, kuma kullum da asuba da Reyomur nake karyawa. Kaskon na jan ƙarfe ne, kamar ƙararrawa a juye, yana cin madara lita 1,100, daga ciki a fitar da dunƙule biyu. Ana haɗa madarar daren jiya da aka yaye wa mai da ta safe, a ɗumama, a zuba abin daskararwa da ake samu daga cikin ɗan maraƙi. Idan ta kama, maigidan ya farfasa ta da wani dogon maburgi mai kan waya har ta koma ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Sai a buɗe tururi a hankali. Shi yana tsaye, ido a kan ma'auni, hannu ɗaya a cikin kasko yana murza ƙwayoyin yana jin yadda suke bushewa. Da ya kai 44 sai ya ɗaga hannu, a rufe tururi. 44 ɗin nan ita ce 55 a Selsiyos. A takardun hukuma 55 ake rubutawa, amma shi a bakinsa 44 ce, haka ya gada a wurin mahaifinsa. A ce sabon yaro ya zo da ma'aunin Selsiyos ya ji an ce 44 ya rufe tururi a nan, ya tsaya ne a 35 da ɗoriya ta Reyomur. Madarar kasko guda ta tafi.

Abban Sadiya: To, wannan ban san da shi ba. Amma ka ga ai gado ne ya riƙe shi, ba don ya fi ba.

Ɗan Parma: Ban ce ya fi ba, Yaya. Cewa na yi yana raye. A tsaunukan Siwizalan ma akwai masu cuku da ke kan sa.

Malamin Fiziks: Abban Sadiya, bari in amsa maka a matsayina na mai koyarwa. Ni ba don Reyomur kansa nake son a ba yara irin wannan aikin ba. Yaro yana haddace "tara 273" tun aji huɗu, bai san dalili ba. Ranar da ka kawo masa ma'aunin da ba ya cikin haddarsa, a nan za ka gane ko ya fahimta. Kowane ma'auni tambaya biyu yake amsawa: ina aka dasa sifili, kuma yaya girman taku ɗaya. Selsiyos da Kelbin takunsu ɗaya, sifilinsu daban. Selsiyos da Reyomur sifilinsu ɗaya, takunsu daban. Kelbin da Reyomur kuwa sun saɓa a duka biyun, shi ya sa aikin ya zama mataki biyu. Wanda ya gane wannan, dokokin gas ɗin da kake magana ma za su zo masa da sauƙi, don a can ne yara suka fi faɗuwa: su sa 27 a inda ya kamata su sa 300.

Ummi, ga ƙarin tambaya. A taswirar, ranar 28 ga Nuwamba, lokacin da suke ƙetare kogin Berezina, −20 ne. Ranar 6 ga Disamba −30. Sanyin ya ƙaru da Kelbin nawa?

Ummi Zazzau: Bambancin 10 ne. 10 × 5 ÷ 4 = 12.5. In tara 273.15 ya zama 285.65?

Hajiya Mai Kaji: A'a 'yata, kar ki tara. Ni ban yi nisa a boko ba, amma idan injin ƙyanƙyasata ya tashi daga 36 zuwa 38, da biyu ya ƙaru, ko da wane ma'auni mai irin takun ka duba. 12.5 ce amsarki.

Malamin Fiziks: Hajiya ta gama magana. Tazara ba ruwanta da inda aka dasa sifili. Gwada ki gani: −20 ita ce 248.15 K, −30 ita ce 235.65 K, tsakaninsu 12.5. Kuma Ummi, kar ki sa ɗan da'irar digiri a jikin K. Tun 1967 aka cire shi. 12.5 K kawai.

Baba Mai Tarihi: Hajiya, ashe kin shigo gidan abokin sana'arki. Shi wannan Réaumur ɗin ya yi shekaru yana gwajin ƙyanƙyasar ƙwai ba tare da kaza ba, har ya wallafa littafi a kai a 1749. Labarin ɗakunan ƙyanƙyasa na mutanen Masar ne ya ja hankalinsa. Shi kuma ya riƙa jera ƙwai a cikin ganga, ya binne gangar a tarin taki mai ɗumi, wani lokaci ya yi amfani da zafin da ke tashi daga gidan burodi, ma'auninsa na ciki yana dubawa. Mutum ne mai hannu da yawa, ya yi bincike a kan ƙwari da kuma yadda ake mayar da ƙarfe ya zama mai ƙwari.

Hajiya Mai Kaji: Ikon Allah. To ni a 37.5 nake ajiye injina. A nasa nawa ke nan?

Ummi Zazzau: 37.5 × 4 ÷ 5 = 30 cif, Hajiya! A Kelbin 310.65.

Injiniya Bakatsine: Malam, ina da ja a kan 235.65 ɗinka. Lissafin daidai ne, ba na musu. Amma lambar tana nuna kamar an auna sanyin nan har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na digiri, alhali abin da muke da shi "30" ce kawai, wadda wani ya karanta a jikin gilashi da hannu yana karkarwa a tsakiyar daji. An ce babban likitan tiyata na rundunar, Larrey, a jikin rigarsa yake rataye nasa ma'aunin. Ni da ni ne zan rubuta kusan 236 K in tsaya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Ma'aunin da Réaumur ya ƙera da hannunsa ba shi ne wanda muke lissafi da shi ba. Barasa ya zuba a ciki, wadda aka surka da ruwa. Ya ɗauki yawanta a sanyin ƙanƙara a matsayin kashi 1,000, kowane digiri kuma kumburin kashi ɗaya ne. Da ya tsoma a ruwan zafi ta kai 1,080, daga nan 80 ta fito. To amma barasa tana tafasa tun wajen 78 a Selsiyos, kafin ruwa. Ashe 80 ɗinsa ta asali tafasar barasarsa ce, ba ta ruwa ba. Ga shi kuma kowane maƙeri da irin surkinsa, kuma barasa ba ta kumbura daidai wa daida daga ƙasa zuwa sama. Sai a 1772 Jean-André Deluc, mutumin Janiba, ya tsayar da shi a kan zaiba, ya ce 80 ita ce tafasar ruwa. Wannan na Deluc shi ne aka ci gaba da kira Reyomur. Don haka duk lambar da aka rubuta kafin wannan gyara, ninkawa da 5 a raba da 4 kintace ne kawai.

Malamin Fiziks: Ban ƙi ba, Injiniya. Na 1812 dai bayan Deluc ne da shekara 40, don haka hanyar tana aiki. Amma a kan yawan lambobi bayan ɗigo, mu raba: a takardar aiki ta nuna 235.65 don malaminta ya ga ta bi hanya, sannan ta rubuta a ƙasa cewa a zahiri kusan 236 ne.

Injiniya Bakatsine: Na amince da wannan. Ƙari ɗaya: zaiba tana daskarewa a −38.8 na Selsiyos, wajen −31 a Reyomur. Ka ga −30 tana bakin inda ma'aunin zaiba ke daina aiki. Da sanyin ya ƙara kaɗan, sai na barasa ne kaɗai zai iya faɗin lamba.

Hajiya Mai Kaji: Ni tambayata a kan tafasar ce. Mu nan Jos na taɓa tsoma ma'auni a ruwa yana tafasa fafal-fafal, bai kai 100 ba, wajen 96 ya tsaya. Na ɗauka ma'aunin ne ya lalace.

Malamin Fiziks: Lafiyarsa ƙalau, Hajiya. Jos tana sama da teku da mita 1,200 da wani abu, iskar da ke danne ruwan ta fi sauƙi, sai ya tafasa da wuri. A Reyomur wajen 77 za ki gani maimakon 80. Wannan ita ce damuwar duk ma'aunin da aka rataya a jikin ruwa, kuma shi Deluc ɗin ya yi ta hawa tsaunuka yana auna wannan abu. Kelbin daga wani wuri ya taso. William Thomson, malami a jami'ar Glasgow, wanda daga baya aka ba shi sarautar Lord Kelvin, ya kawo shawara a 1848 cewa a fara ƙirge daga inda ba sauran zafin da za a iya cirewa daga abu. Wurin shi ne −273.15 a Selsiyos, ko −218.52 a Reyomur. Duk da haka an daɗe ana ɗaure girman takunsa da ruwa: daga 1954 aka ce inda ƙanƙara da ruwa da tururi suke zama tare shi ne 273.16 K. Sai a watan Mayu na 2019 aka kwance shi daga ruwa gaba ɗaya, aka ɗaure shi da wata tsayayyar lamba ta fiziks da ake kira lambar Boltzmann.

Abban Sadiya: To ni yanzu abin da ya tsaya mini shi ne mutanen. −37.5! Mu da 12 ke hana mu fita da asuba a watan Janairu. Dole sanyi ya cinye runduna.

Baba Mai Tarihi: A nan kuma sai a yi hattara, don taswirar da kanta ba ta ce haka ba. Dubi kaurin layin sama, shi ke nuna yawan sojojin da suka rage. Mutum 422,000 suka ƙetare kogin Niemen a watan Yuni, 100,000 suka isa Mosko a Satumba. Wasu an ware su zuwa gefe, amma mafi yawan raguwar a lokacin zafi ta faru: zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, atuni, yunwa, gudu daga runduna, ga yaƙin Borodino ranar 7 ga Satumba. Layin sanyin bai fara ba sai 18 ga Oktoba, kuma a sifili ya fara, ranar 24 ma ruwan sama aka yi. Sanyin ya sami mutane ne da suka riga suka galabaita, ba abinci, dawakai sun mutu, takalma sun yage. Ranar 5 ga Disamba Napoleon ya bar su a Smorgoni ya nufi Faris, washegari aka sami −30 ɗin nan. 10,000 ne suka sake ƙetare Niemen a lissafin Minard.

Abban Sadiya: Innalillahi. Amma Baba, daga Berezina zuwa ƙarshe ai sanyin ne.

Baba Mai Tarihi: Wannan zangon kam sanyi ne da yunwa. Kuma a nan ne karanta ma'aunin daidai yake da nauyi. −24 ta ranar 1 ga Disamba ita ce ainihin −30 ta Selsiyos. Wanda ya karanta taswirar a Selsiyos zai ɗauka sai ranar 6 aka kai nan, alhali kwana biyar ke nan suna tafiya a ƙasa cikin wannan sanyi da abin da ya fi shi.

Ummi Zazzau: Ga jadawalin da zan miƙa, a duba mini:

9 ga Nuwamba: −9 Reyomur, −11.25 Selsiyos, 261.9 K
14 ga Nuwamba: −21, −26.25, 246.9 K
28 ga Nuwamba: −20, −25, 248.15 K
1 ga Disamba: −24, −30, 243.15 K
6 ga Disamba: −30, −37.5, 235.65 K
7 ga Disamba: −26, −32.5, 240.65 K

A ƙasa na rubuta cewa lambobin asali cikakkun digiri ne, don haka a karanta na Kelbin a matsayin kusan 262, 247, 248, 243, 236 da 241.

Malamin Fiziks: Duk sun fita. Ki ƙara layin farko, 18 ga Oktoba, sifili, 273.15 K. Kuma a kan ginshiƙin farko ki rubuta °Ré, kar ki bar shi R kawai, don mai dubawa ma zai iya zama Rankin ya sani.